Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Bayanin Gumurzun Gettysburg

Duk wanda ya taɓa leƙa tarihin yaƙin basasar Amurka, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865 tsakanin gwamnatin Tarayya da jihohin Kudu da suka ɓalle don kare bautar da baƙaƙen fata, ya ci karo da sunan Gettysburg. Ƙaramin gari ne a jihar Pennsylvania, mazaunansa a lokacin ba su kai 2,500 ba. A kewayensa ne rundunar 'yan Kudu ta Janar Robert E. Lee da rundunar Tarayya ta Janar George Meade suka yi kwana uku suna ɓarin wuta, daga 1 zuwa 3 ga Yuli, 1863. Ana cewa a nan yaƙin ya sauya akala. Maganar tana da gaskiya, sai dai yawancin bayanan da nake gani a takardun ɗalibai da rubuce-rubucen intanet ta wutsiya suke kama gaskiyar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a yi rubutu kamar a Gettysburg aka yi wa Kudu jana'iza. Ina! Lee ya sha kashi, amma ya janye da ragowar rundunarsa cikin tsari. Da ya isa gaɓar kogin Potomac ya tarar ruwan sama ya cika shi maƙil, sai ya haƙa ramuka ya jira. Meade, wanda kwana uku kacal kafin gumurzun aka damƙa masa rundunar, ya yi ta ɗari-ɗari da kai hari, har Lee ya haye cikin daren 13 zuwa 14 ga Yuli. Ran Shugaba Abraham Lincoln ya ɓaci sosai. Ya rubuta wa Meade wasiƙa mai zafi, sannan ya ajiye ta bai aika ba. Bayan haka sai da aka ƙara wata 21 ana zubar da jini, kafin Lee ya miƙa wuya a Appomattox ranar 9 ga Afrilu, 1865. A watan Satumba na 1863 ma 'yan Kudu sun lallasa sojojin Tarayya a Chickamauga.

To mene ne ya ƙare a Gettysburg? Wannan tambayar ce ya kamata mai rubutu ya amsa. Lee ya kutsa Arewa ne da buri biyu. Gonakin Virginia sun tsiyace saboda shekara biyu ana yaƙi a kansu, yana so ya ciyar da dakarunsa daga rumbunan Pennsylvania. Sannan, da yake bai daɗe da samun gagarumar nasara a Chancellorsville ba, yana fatan ya ƙara wata a cikin gidan abokan gaba, yadda mutanen Arewa za su gaji su tilasta wa Lincoln zaman sulhu. Abinci kam ya kwasa, da shanu da dawaki. Buri na biyun ne ya mutu murus. Ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na rundunar da ya shiga da ita, wadda ta haura mutum 70,000, har da janar-janar da hafsoshi ƙwararru da ba a samun madadinsu a kasuwa. Arewa tana da mutane kusan miliyan 22, Kudu kuwa miliyan 9 ne, kuma kimanin miliyan uku da rabi daga ciki bayi ne. Asarar da Arewa za ta iya cikewa, ga Kudu rami ne da ba ya cikuwa. Lee da kansa ya nemi ajiye muƙami a watan Agusta, shugaban 'yan aware Jefferson Davis ya ƙi amincewa.

A nan a kula da kalmar "har abada". Kada ka rubuta cewa 'yan Kudu ba su sake taka Arewa ba. A Yulin 1864 Janar Jubal Early ya kai har bakin birnin Washington, kuma a ƙarshen watan mahayansa suka ƙone garin Chambersburg a Pennsylvania. Abin da ya dace a ce shi ne Lee bai sake iya ɗaukar dukkan rundunarsa ya mamaye Arewa ba.

Wanda ya fi damuna shi ne yadda ake mantawa da Vicksburg. Kwana ɗaya bayan an tashi daga Gettysburg, wato 4 ga Yuli, Janar John Pemberton na 'yan Kudu ya miƙa wannan birni mai ganuwa da ke kan kogin Mississippi ga Janar Ulysses Grant, bayan an yi masa ƙawanya fiye da mako shida. Sojoji kusan 29,000 suka ajiye makamai a rana ɗaya. Ranar 9 ga Yuli sansanin Port Hudson ya bi sahu, kogin gaba ɗaya ya koma hannun Tarayya, aka raba ƙasar 'yan aware gida biyu: Texas da Arkansas da yawancin Louisiana suka rage a can tsallake. Dubi bambancin. A Gettysburg an kori runduna ta koma gida, a Vicksburg kuwa an haɗiye runduna ɗungurungum an kuma karɓe kogi. Nasarar ce kuma ta ɗaga Grant, har aka ba shi jagorancin dukkan sojojin Tarayya a Maris na 1864. A ganina, duk bayanin da ya ambaci Gettysburg bai ambaci Vicksburg ba, tuwo ne babu miya. Makon ne ya juya yaƙin, kuma rabinsa a yamma ya faru.

Sai batun alƙaluma. Za ka ga an rubuta cewa mutum 51,000 suka mutu. Wannan adadi ya haɗa waɗanda aka kashe da waɗanda suka jikkata da waɗanda aka kama da waɗanda suka ɓace, a ɓangarorin biyu. Waɗanda suka faɗi matattu a fagen fama sun ɗan haura 7,000, ko da yake wasu da dama sun cika daga baya saboda raunuka.

Labarin cewa takalma 'yan Kudu suka je nema shi ma a bar shi a matsayin hira. Janar Henry Heth ne ya faɗi haka shekaru bayan yaƙin. Abin da ya haɗa rundunonin a can shi ne hanyoyi kusan goma da suka haɗu a garin, kamar mahaɗar kasuwa.

Wasu kuma suna tattara komai su ɗora a kan farmakin da 'yan Kudu suka kai rana ta uku, wanda ake kira da sunan Janar George Pickett, lokacin da mutum kusan 12,500 suka ratsa buɗaɗɗen fili na fiye da kilomita ɗaya cikin ruwan igwa da harsashi, kusan rabinsu ba su dawo lafiya ba. Pickett ɗaya ne daga kwamandoji uku da suka ja dakarun, kuma Janar James Longstreet da aka ɗora wa alhakin harin tun farko bai yarda da shi ba. Tun a ranar farko aka shuka wannan masifa. Mahayan Janar John Buford sun tare 'yan Kudu har taimako ya iso, kuma duk da an fatattaki sojojin Tarayya ta cikin gari, sun samu sun kama tuddan da ke kudancinsa. Daga nan Meade na iya tura agaji daga wannan kusurwa zuwa waccan cikin sauri, shi kuwa Lee sai ya zagaya. Ga shi kuma mahayansa ƙarƙashin J.E.B. Stuart, waɗanda su ne idanunsa, ba su iso ba sai yammacin rana ta biyu.

Kada a ba Gettysburg ladan Antietam. Bayan wancan gumurzu na 17 ga Satumba, 1862 ne Lincoln ya shelanta 'yanta bayin jihohin da ke tawaye, shelar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1863, kuma tun a lokacin zancen Ingila ta amince da Kudu a matsayin ƙasa ya fara dushewa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sojojin Lee sun kama baƙaƙen fata a Pennsylvania, har da 'yantattu, suka kora su Kudu cikin bauta.

Shahararren jawabin da Lincoln ya yi a Gettysburg ma ba a kan gawarwaki aka yi shi washegari ba. Ranar 19 ga Nuwamba ne, wajen buɗe maƙabartar sojoji. Babban mai jawabi na ranar, Edward Everett, ya yi awa biyu yana magana, Lincoln ya yi minti biyu, ya ɗaure yaƙin da batun daidaiton 'yan Adam da mulkin jama'a. Wannan jawabi, da tsoffin sojojin da suka cika filin da gumakan tunawa fiye da 1,300, su suka ƙara wa sunan wurin nauyi daga baya. Mutanen lokacin ba su san an juya ba. Ranar 23 ga Agusta, 1864, fiye da shekara ɗaya bayan Gettysburg, Lincoln ya rubuta da hannunsa cewa da wuya a sake zaɓensa. Kwana goma bayan haka sojojin Janar William Sherman suka shiga Atlanta, a Nuwamba kuma Lincoln ya kayar da abokin takararsa George McClellan a zaɓe.