Yadda Ake Daidaita Tazarar Dashe da Takin Yuriya a Gonar Shinkafa

Yawancin sababbin manoman shinkafa da nake gani a fadamun Kura da Kadawa suna cunkusa dashe don kada ƙasa ta tafi a banza, sannan su juye duk yuriyar da suka saya a rana ɗaya. Gona takan yi kore shar, amma ranar bugu buhunan ba sa kai abin da aka sa rai, domin shinkafar da aka matse aka kuma cika mata taki tsawo take yi, kararta ya yi laushi, ta kwanta da iskar farko.

A fara da tazara. A ciro iri daga wurin reno yana da kwana 21, a dasa ƙwaya 2 ko 3 a kowane gurbi, da tazarar santimita 20 ta kowane ɓangare, wato kusan taƙi ɗaya na hannun babban mutum. Wannan yana ba da gurbi 25 a kowace murabba'in mita, 250,000 ke nan a hekta. Ni ban yarda da dashen ido ba, dole a ja igiya mai ƙulli. 'Yan ƙwadago za su yi ƙorafin cewa igiya tana rage musu sauri, wasu ma su ƙara kuɗi, amma abin da za a rage na iri ya isa ya biya bambancin. Idan tazara ta yi faɗi da yawa, ciyawa ce za ta ci takin.

Takin kuma sau uku ake ba shi. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, shi kuwa buhun kamfa 15-15-15 kilo 7.5 kacal yake da shi. Ga iri kamar FARO 44 a gonar ban ruwa, buhu 4 na kamfa lokacin dashe da buhu 3 na yuriya daga baya suna kai hekta kusa da kilo 100 na naitirojin, kuma hakan ya wadatar. Rabin yuriyar a zuba mako 2 zuwa 3 bayan dashe, bayan an cire ciyawa, lokacin da shinkafa take fitar da 'ya'ya, wato sababbin karare daga gindi.

Rabi na biyu shi ne inda aka fi yin asara. Mutane suna jira sai sun ga shinkafa ta ɗauki ciki sosai ko zangarniya ta leƙo, alhali a lokacin an riga an gama ƙayyade yawan ƙwayar da kowace zangarniya za ta ɗauka. Lokacin da ya dace shi ne sa'ad da zangarniya ta fara samuwa a cikin kara, wajen mako 5 zuwa 6 bayan dashe ga irin da ke nuna cikin wata huɗu. Kada a dogara da ƙirgen kwana kawai, domin sanyin hunturu yana jinkirta girma. A tumɓuke kara mafi girma daga gurbi uku ko huɗu a wurare daban-daban, a tsaga shi a tsaye da reza, a duba saman gaɓar ƙarshe. Idan aka ga wani ɗan farin tsiro mai kama da auduga, wanda bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, to a zuba takin a cikin kwana biyu. Idan ganye ya riga ya yi kore mai duhu ƙwarai, a rage adadin, domin yawan yuriya yana gayyato cutar ƙunar ganye da tsutsar kara.

Kafin kowane zubi a rage ruwan fangali ya zama ɗan kaɗan, a toshe mafita don kada taki ya bi ruwa zuwa gonar maƙwabci, kuma a jira raɓa ta bushe a ganye. Bayan kwana biyu a mayar da ruwa.