Yadda na gyara katakon barandarmu da banish ya ƙi zama

Alhamdulillahi, dandamalin katakon barandarmu a Gombe ya daina ɓarewa. Da can ana shafa banish, rana ta ɗan gasa shi sai ya tashi ɓawo-ɓawo, wani wurin kuma yana danƙo yana kama ƙurar hunturu.

An ce tina, ruwan da ake tsinka banish da shi, ce ta yi kaɗan, aka ƙara, shiru. Aka zargi gara, muka duba, babu ita.

Wani kafinta ne ya ɗiga ruwa a kan katakon, ruwan ya tsaya ƙwal bai shige ba. Ya ce, "Malam, tsohon shafe ne ya toshe shi."

Na kankare duka da samfefa mai kaushi, lamba 80, na bi da mai ɗan laushi, lamba 120, ina bin tsayin jijiyar katakon, ba a gicciye ba. Na share, na goge da tsumma mai ɗan laima, na bar shi ya bushe sarai. Da na sake ɗiga ruwa sai ya tsotse nan take.

Bayan la'asar, da inuwa ta rufe wurin, na shafa kalar katako mai mai, shafe siriri, katako biyu-biyu. Bayan minti 15 na goge rarar da busasshen tsumma, don ita ce ke kawo danƙon. Shafe na biyu sai bayan awa 24. Allah ya saka wa kafintan nan da alheri.