Haɗa eriya da dish a talabijin ɗaya: kurakuran da nake ta tararwa a gidajen mutane

Aikina saitin dish ne a nan cikin Sakkwato, kuma duk shekara in azumi ya matso kiran da nafi samu iri ɗaya ne, maigida yana son tashar Makka da sauran tashoshin satalayit, amma kuma baya son ya rasa RTV, wato talabijin ɗin Rima, da NTA Sakkwato saboda tafsiri da labaran gida. Abin mai yiwuwa ne, ba wani tsada gare shi ba, sai dai yawanci kafin a kira ni an riga an yi ɓarnar.

Bari in fara da wanda yafi yawa. Wani dattijo a Mabera, yaransa sunka sayo silita ta talabijin, 'yar ƙaramar nan mai baki uku, sunka ɗaura wayar dish a baki ɗaya wayar eriya a ɗayan, sunka jawo waya guda zuwa falo don kada a sake huda bango. Da na iso yace min "yaro duba min wanga abu, jiya muna kallo lafiya lau, yau ko Makka babu ko Rima babu." Nace Baba ai tunanin yaran daidai ne, kayan aikin ne ba shi ba. Silita raba sigina take yi, bata san wannan na dish bane wannan na eriya bane. Na eriya yana tafiya daga wajen 47 zuwa 862 MHz, na dish kuma bayan ya fito daga LNB, 'yar na'urar nan da ke gaban dish tana karɓar sigina, yana tsakanin 950 zuwa 2150, in ka juya bayan silitar zaka ga da yawansu an rubuta 5 zuwa 1000, kenan kusan duk siginar dish ɗin a ƙofa take tsayawa. Ga kuma maganar wuta: risiba ce ke ciyar da LNB ta cikin wayar nan, bolt 13 ko 18, in silitar bata wuce da wuta LNB ya mutu kenan, in kuma tana wucewa ta kowane baki sai wutar ta faɗa cikin eriya ta yi shot.

Abin da ake sawa sunansa difileksa. Kama take da silita sak, shi yasa ake ruɗewa, har wasu masu shago ma miƙo maka silita zasu yi suce duk ɗaya ne. Ka karanta jikinta, baki ɗaya SAT, ɗaya TV ko ANT, na ukun shine na wayar da ta haɗa su. Kuma guda biyu zaka saya, nan ne kuskure na biyu. Ɗaya a sama kusa da dish ta haɗe su, ɗaya a bayan talabijin ta sake raba su, SAT ya tafi LNB IN na risiba, TV ya tafi bakin eriya na talabijin. Na sha zuwa gida in tarar an sa ta sama kaɗai an soka wayar kai tsaye a risiba ana jiran RTV ta fito. Ina zata fito?

Wannan ya kawo ni ga abin da mutane suka fi gardama dani a kai. Risibar satalayit zalla bata kama tashar eriya, ko ka yi sikanin sau ɗari. Tsofaffin risiba masu ANT IN da RF OUT wucewa kawai siginar take yi ta cikinsu zuwa talabijin, talabijin ɗin ce zata nemo tashar da kanta, don haka sai ka ɗauki rimot ɗin TV ka bar HDMI ko AV ka koma TV ka yi sikanin a can. Shi kuwa LOOP OUT ba ruwansa da eriya ko kaɗan, na jona risiba ta biyu ne. In kana son komai ya zo a lis ɗaya da rimot ɗaya to risiba kombo zaka nema, mai bakin S2 na dish da T2 na eriya, amma ka sani bakin T2 ɗin dijital kaɗai yake gani, tashar da ke watsawa a analog sai dai talabijin ta kama ta. Kuma in kombo ta jero maka tashoshin GOtv ko StarTimes da alamar kwaɗo a gefe kada ka ce an cuce ka, na kuɗi ne, sai da dikodarsu.

Sai busta. Mutanen da ke nesa da turken tasha, ko waɗanda benaye sunka tare, suna son eriya mai busta, wato mai ƙara ƙarfin sigina, to busta da wuta take aiki, ita kuma difileksa bakinta na TV baya wuce da wuta, da gangan anka yi shi haka. Sai mutum ya jona 'yar adaftar bustar a falo, wutar ta tsaya a difileksar ƙasa, busta na sama babu abinci, hoton ya fi na da muni saboda busta marar wuta toshe hanya take yi. Mafita ko dai adaftar ta zauna tsakanin eriya da difileksar sama, ko ka haƙura ka ja wa eriya wayarta daban. Ni dai in gaskiya ake so in gidan ba bene bane kuma tazarar ba yawa, waya biyu tafi min kwanciyar hankali, huda bango ɗaya bai kai ciwon kan ba. Kuma wanda ke cikin gari kusa da tasha sau da yawa ba busta yake buƙata ba, ya ɗaga eriyar sama da kwanon rufi ya juya bakinta wajen turken, shi kenan.

Waya kuwa, Allah ya sawwaƙe. Ana sayen dish mai kyau da risiba mai kyau sai a zo kan waya a ce a bada mai araha. Ka nemi RG6 mai kauri, ka fere ka gani da idonka kafin ka biya, in ragar ciki 'yan silili ne kamar gashin jariri ka aje ta. Ranar Sakkwato ba wasa ba ce, watan Afrilu zafi na haura digiri 40, wayar da anka shimfiɗa kan kwano robarta bushewa take ta tsage, ruwan farko na sauka ya shige ciki, sai kaji ana cewa iska ta juya dish alhali dish na nan inda yake. A gidan Baban nan na Mabera bayan na sa difileksa biyu risiba ta ci gaba da rubuta shot, na kwance kwanektar bayanta na haska da fitilar waya, ashe silin raga guda ɗaya ne tal ya lanƙwashe ya taɓa jan ƙarfen tsakiya. Farce na sa na ture shi, sigina ta dawo. Don haka in zaka ɗaura kwanekta ka mayar da ragar baya gaba ɗaya, jan ƙarfen ya leƙo kaɗan, kuma ka cire risiba daga soket tukuna, akwai wuta a wayar. Difileksar sama kuma a ɓoye ta ƙarƙashin inuwa, bakunanta na kallon ƙasa, a naɗe da salatif.

Na ƙarshe ya shafi talabijin 'yar gwanjo. In hoton tashar gida ya fito tas amma sauti sai shuuu, ba eriya ba ce, shiga menu ka mai da tsarin sauti BG, wasu na Ingila suna zuwa a kan I. In kuwa 'yar Amurka ce, tsarinta daban ne da namu, ba zata kama tashar eriya ta nan ba duk yadda ka juya sanda, sai dai ka yi ta amfani da ita ta HDMI. Ta Baba dai sauti ne kawai, na canza mata, sallamar mai labarai ta cika falon, ya gyara zama yace a kawo min ruwan sanyi.