Yadda Ake Gwajin ELISA Don Gano Ragowar Maganin Tsutsa a Nama

Idan aka ba dabba maganin tsutsar ciki, sannan aka yanka ta kafin wa'adin jiran da aka gindaya ya cika, ragowar maganin takan saura a jikinta, musamman a hanta, ƙoda da kitse. Gwajin ELISA, wanda ake yi a ɗakin bincike don gano irin wannan ragowa, yana aiki ne da sinadarin garkuwar jiki da aka samar domin ya cafke wani magani takamaimai, kamar albendazol ko ibamektin.

Da farko a san ɓangaren da za a gwada, domin iyakar da aka yarda da ita ba ɗaya ba ce: hukumar Codex, mai gindaya ƙa'idojin abinci na duniya, ta ƙayyade wa albendazol maikurogiram 100 a kowane kilo na tsoka, amma 5,000 a hanta. A niƙa naman ya yi laushi sosai, a auna adadin da takardar kayan gwajin ta faɗa, a girgiza shi da asetonaitril, ruwan sinadarin da ke janyo maganin daga naman, sannan a juya shi a injin rarrabewa a kwashe ruwan da ya taso sama. Idan naman mai maiƙo ne, a cire kitsen da heksen, ruwan sinadari mai narkar da maiƙo, domin maiƙo yana rikita sakamako.

Kayan gwajin kuwa, a fito da su daga firiji a bar su har sanyi ya sake su. A ɗiga ruwan ma'auni (wanda aka san adadin maganin da ke cikinsa) da na samfura (ruwan da aka kwashe daga naman) a ramukan farantin mai ramuka 96, kowanne a rami biyu, a ƙara maganin da aka liƙa wa enzayim, wato sinadarin da zai sa launi ya bayyana daga baya, a jira lokacin da aka ƙayyade. Daga nan sai wanki, kuma a nan ne gaggawa ta fi yin ɓarna. Ramin da bai wanku ba yakan nuna nama mai magani tamkar lafiyayye, don haka a kife farantin a kan takarda mai shan ruwa a buga shi har ɗigon ƙarshe ya fita.

Bayan wanki sai a zuba ruwan launi, wanda zai mai da ramukan shuɗi, asid ɗin tsayarwa kuma ya mai da su rawaya, sai a karanta a na'ura a nanomita 450. A kula, karatun a juye yake: maganin da ke cikin naman yana gasa ne da wanda aka ƙara wajen samun gurbi a jikin sinadarin garkuwar, saboda haka ramin da launinsa ya kode shi ne mai magani da yawa.

Da yake sinadarin garkuwar yakan kama magungunan da suke dangi ɗaya, duk samfurin da ya haura iyaka ba a yanke masa hukunci nan take. A daskare ragowarsa a aika a tabbatar da sakamakon da na'urar LC-MS/MS, wadda ke iya bambance kowane magani da danginsa.