Idan hanyar iska ta tsuke bayan cire bututun numfashi

Ƙanwata ta yi kwana 12 a asibiti da bututun numfashi, wanda ake zurawa ta maƙogwaro don taimaka wa majiyyaci numfashi. Wata guda da sallamarta, sai muka riƙa jin fito a wuyanta in ta ja iska, hawa bene ma ya gagare ta. Aka ce asma ce, ta yi ta shaƙar magani a banza. Ashe tabo ne ya tsuke hanyar.

Don Allah in kun ga irin haka, kada ku jira. Ku faɗa wa likitan maƙogwaro an taɓa sa bututu, ku nemi hoton CT (hoton da na'ura ke ɗauka na cikin jiki) da leƙa hanyar iskar da kyamara. Ƙaramin tabo ana buɗa shi da wani ɗan balan-balan da likita ke zurawa ciki, sai dai yakan dawo, wani kuwa sai an yanke wurin an haɗe. A gida ku nisanta majiyyaci da hayaƙi, ku magance ƙwannafi. Da leɓe ya yi shuɗi, sai asibiti nan take.