Yadda ake karatun digiri na biyu a fannin rubuta waƙa

Nazarin waƙa daban, koyon tsara ta daban, kuma masu nema da yawa sai sun cika fom suke gane haka. A sashen adabi ana ɗauko waƙar wani a feɗe ta, a fito da jigo da salo, a rubuta kundi a kanta. A kwas ɗin ƙirƙirar rubutu kuwa waƙarka ce ake ɗorawa a faifai, kuma kundin kammalawarka diwani ne na waƙoƙin da ka tsara da kanka.

A Amurka ana kiran wannan digiri MFA, wato Master of Fine Arts, ana yin sa cikin shekara 2 ko 3. Shirin Jami'ar Iowa, wanda aka kafa a 1936, shi ne mafi daɗewa a cikinsu. A Ingila galibi MA ake yi na shekara 1, kamar na Jami'ar East Anglia da ya fara a 1970. Akwai kuma tsarin da ɗalibi ke zaune a gida yana aika wa malaminsa waƙoƙi, sai a haɗu sau biyu a shekara na kimanin kwana 10. Wannan ya fi dacewa da mai aiki ko mai iyali, sai dai tallafin kuɗi a cikinsa kaɗan ne.

Waƙoƙin da ka tura su ne ke buɗe ƙofa. Sakamakon digiri na farko da wasiƙun shaida, waɗanda yawanci uku ake nema, duk suna biyo baya ne. Yawancin makarantu shafi 10 ko kusa da haka suke so. Ka sa waƙar da ta fi ƙarfi a farko, domin mai tantancewa yana da tarin takardu a gabansa, in shafi biyu na farko ba su riƙe shi ba da wuya ya kai na goma da zuciya ɗaya. Kada ka cike gurbi da waƙar da kai kanka kake shakka a kanta: takwas masu kyau sun fi goma da ke da guragu biyu a ciki. Kuskuren da aka fi yi shi ne tura waƙar da aka rubuta a makon rufe karɓar takardu, tana da zafi a ran mai ita amma ba ta sha gyara ba. A Amurka ana rufewa ne tsakanin Disamba da Janairu, don haka a fara zaɓe tun watan Agusta.

Wajen zaɓen makaranta, karanta littattafan malaman da ke koyarwa a can kafin ka duba sunan jami'ar. Sannan ka tambayi kuɗi ƙarara: ana yafe kuɗin makaranta? Ana biyan alawus? Aji nawa za ka koyar a madadinsa? Wannan digiri ba ya ba da tabbacin aikin koyarwa, saboda haka cin bashi mai nauyi dominsa ganganci ne.

Zuciyar karatun ita ce zaman bita na mako-mako. Ɗalibai 8 zuwa 12 ke zama da malami na awa biyu ko uku. Ana raba waƙarka kwanaki kafin zaman, kowa ya yi mata rubutu a gefe, ranar zama kuma a tsohuwar al'adar kai shiru za ka yi ana tattauna ta. Hikimar shirun ita ce mai karatu a waje ba zai same ka ya tambaye ka abin da kake nufi ba.

Nan ne kuma waƙa ta fi lalacewa. Mai son ya gamsar da mutum goma yakan goge duk abin da ya sa wani ya ɗaga gira, a ƙarshe ya fito da waƙa sumul wadda ba ta da laifi kuma ba ta da rai. Ka raba sharhi gida biyu. Idan mutum huɗu suka yi tuntuɓe a baiti guda, akwai matsala a wurin, ka yarda. Maganin da suka ba ka kuwa sau da yawa irin waƙarsu suke kwatanta maka. Ajiye takardun mako biyu kafin ka taɓa waƙar, kuma kada ka goge zubin farko.

Ban da bita akwai darasin kari da amsa-amo da zubi. Ko da waƙa marar ƙafiya kake yi, ka koyi ƙirga gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, ka karanta kowane ɗango da babbar murya. Inda numfashi ya sarƙe, nan kari ya karye.

Kundin kammalawa yakan kai shafi 48 ko fiye, gwargwadon ƙaramin littafin waƙa, wasu makarantun kuma suna haɗawa da muƙalar sharhi. Tun farkon shekarar ƙarshe ka buga waƙoƙin a takarda, ka baza su a ƙasa, ka duba wace ce ke kiran wace. A nan za ka ga kalma ko hoton da ka maimaita sau biyar ba ka sani ba, ka cire uku kafin mai duba kundinka ya gani.