Babi na 6: Karanta tsinken gwajin fitsari ga mace mai shekara 35 zuwa sama

Darasi na 1

A kantunan magani na unguwannin Asawase da Aboabo a Kumasi ana sayar da tsinken gwaji iri biyu masu kama da juna. Ɗaya yana neman sinadarin hCG, wanda jiki ke fitarwa idan ciki ya shiga. Ɗayan yana neman LH, wanda yake hauhawa a fitsari awa 24 zuwa 36 kafin ƙwai ya fito. Kafin ki yage ledar, ki ɗora yatsa a kan haruffan, ki karanta su ɗaya bayan ɗaya. Idan kin ga L da H, to na ranar ƙwai ne kike riƙe da shi. Kada ki ji kunyar karantawa a hankali, haka kowa ya fara.

Darasi na 2

Ki tari fitsari a ƙaramin kofi mai tsabta. Idan gwajin LH ne, gara na rana da na asuba, kuma ki rage shan ruwa kamar awa 2 kafin nan. Ki tsoma tsinken, amma kada fitsarin ya wuce layin da aka rubuta MAX, sannan ki kwantar da shi, ki jira mintocin da takardar cikin kwalin ta faɗa.

Yanzu ki nutsu. Layin da ke kusa da hannunki shi ne C, yana nuna tsinken ya yi aiki. Na ƙasansa shi ne T. A gwajin ciki, layi biyu, ko da na biyun ya dushe, alamar ciki ce. A gwajin LH ba haka ba ne: sai T ya kai C duhu, ko ya fi shi, sannan za ki ce ƙwai na tafe. Idan T ya fito amma bai kai C ba, amsar ita ce ba tukuna. Ki faɗa da bakinki: layi biyu ba ya isa, duhunsu nake dubawa. Ki je bakin taga inda akwai haske, ki sake kwatanta T da C. Wanne ya fi duhu?

A nan mata da yawa suke tuntuɓe, kuma gaggawa ce ke jawo shi. Wadda ta leƙa tsinke a ɗaki mai duhu, ko ta bar shi sai bayan la'asar ta dawo ta duba, ta zubar da kuɗinta ne kawai. Duhun T, 'yan'uwa, ba yawan layi ba.

Darasi na 3

Bayan shekara 35 ƙwan mace yana raguwa, sinadarin FSH, mai taimaka wa ƙwai ya girma, yana ƙaruwa, tazarar al'ada takan gajarta, wani watan ma ƙwai ba ya fitowa sam. Ki rubuta ranar da jini ya zo da sakamakon kowane tsinke a littafinki. Idan kuna neman haihuwa wata 6 ba labari, ki ɗauki littafin ku je ganin likitan mata a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi ko wanda ke kusa, ke da maigida, domin shi ma ana gwada shi.

Darasi na 4

Al'ada takan ɗauke tsakanin shekara 45 da 55. Kafin a cika wata 12 babu jini, ciki yana iya shiga.